Dutsen Tagar Yaya Impi

Sulo Rantala da haƙoransa yake sauraron dutse. Haka ya ƙare aikinsa a duniya, kuma mutanen garinmu Calumet da yawa dariya abin yake ba su. Ni ban taɓa yin dariyar ba, don na san abin da ya kai shi ga haka.

Tare muka tashi, a layi ɗaya. Ubana da nasa rami ɗaya suke shiga haƙar tagulla, mu kuma benci ɗaya muke zama a makaranta, har muka bar ta a shekara ɗaya. Ni na ƙare a tuƙin motar share dusar ƙanƙara. Shi kuwa ya bi wani tsoho mai sassaƙa jan dutsen yashi, irin wanda aka gina rabin garin nan da shi, bai ƙara waiwayar wata sana'a ba. Zuwa lokacinmu an daina sabon gini da jan dutse, saboda haka gyara yake yi. Dutsen da ke gindin taga shi ya fi shan wahala a jikin gida, ruwa a kansa, ƙanƙara a kansa, shi ya sa Sulo ya yi yawancin rayuwarsa a saman tsani, hancinsa a jikin gilashin mutane. Yakan ce babu labulen da bai sani ba a garin nan.

Yadda yake aikin, zai kankare wurin da ya zaizaye har ya tarar da lafiyayyen dutse, ya yanko sabon yanki daidai gurbin, ya zaunar da shi da kwaɓin farar ƙasa. Ba ya taɓa siminti, wai yana toshe wa dutse numfashi. Amma kafin duk wannan sai ya san inda ruɓar ta tsaya, domin jan dutse daga ciki yake lalacewa, fuska sumul, ciki gari. Ƙwanƙwasawa ake yi da guduma. Lafiyayye yana amsawa kamar ƙararrawa, ruɓaɓɓe kuwa kamar an bugi akwatin da babu komai a ciki. To, injin yankan dutse ya cinye wa Sulo kunnuwa, ƙurar kuma ta zauna masa a huhu. Da ya daina jin amsar dutse, sai ya koma ɗora bakin cizal, wato ƙarfen sassaƙarsa, a kan dutsen, ya ciji ɗaya ƙarshen, ya rufe ido, ya ƙwanƙwasa a gefe. Ya ce ta ƙashin kansa yake ji.

Bai yi aure ba. Da matata Helmi ta rasu, shi ne yake zuwa kullum ya zauna mini a kicin, ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa. Ranar Asabar mu shiga wankan tururi, ya yi ta tari har sai na fito da shi. Ba ni da wani aboki kamarsa, kuma ba na sa ran samu.

Yana da yaya mace guda, Impi. Ita ta raine shi bayan uwarsu ta rasu, kuma har ta haura tamanin ba ta daina kiransa auta ba. Tana zaune ita kaɗai a hawa na uku na tsohon gidansu na jan dutse, inda iyayensu suke ba mahaƙa haya a da. Hawa biyun da ke ƙasa babu kowa. Duk kaka ni da Sulo mukan kamo mata kifi a tafki, ta jera shi a 'yar gangar katako da gishiri, ta ajiye gangar a waje, a kan dutsen tagar kicin, daga farkon sanyi har ƙanƙara ta narke. Iyayenmu mata duk haka suke yi. Kowace safiya za ta ɗaga tagar, ta kwantar da cikinta a kan dutsen, ta miƙa hannu cikin ganga ta zaro abin da za ta ci da burodi da kofi.

Wata Lahadi a watan Fabrairu, bayan an tashi daga coci, muka hau wurinta shan kofi. Sulo ya tsaya hutawa a kowane hawa, kamar yadda ya saba a shekarun nan. Muna zaune sai na ga ya ƙura wa farin ƙyallen girkin da ta ɗaura a gabanta ido. Wani jan layi ne ya ratsa gabansa, daidai cikinta, kamar an shafa jar ƙasa.

Ya tashi ya ɗaga tagar, ya zaro cizal daga aljihun kwat ɗin cocinsa.

"Ga shi nan zai fara cin ƙarfe," in ji Impi. "Jalmar, ka ga abin da na raina ko? Ga burodi a gabansa, shi ƙarfe yake so. Auta, rufe mini taga, ba titi nake hura wa wuta ba!"

Bai ji ta ba. Ya ƙwanƙwasa a nan, ya matsa, ya ƙwanƙwasa can. Na ga launin fuskarsa ya sake. Ya kankaro ɗan garin dutsen da farce, ya sa a harshe, sannan ya rufe tagar a hankali kamar mai tsoron tada jariri.

"Gishiri ne," ya ce. "Yaya, babu komai cikin dutsen nan. Ɓawo ne kawai. Ya tsage tun daga cikin bango, ƙanƙara ce ta riƙe shi. Ranar da ta narke, ya tafi."

"Shekara nawa nake kwanciya a kansa?" Ta ɗaga murya don ya ji. "Tun kana da gashi a ka!"

"Shi ya sa. Ruwan gangarki yake sha duk shekarun nan."

"Wa yake kawo mini kifin? Ba kai da wannan mai ƙaton cikin ba?"

"Yaya Impi, ni dai kamawa nake yi," na ce.

"Kai yi mini shiru, ci burodinka."

Na ajiye burodin. Na taɓa leƙawa ta tagar nan. Babu komai tsakaninta da dutsen titi.

Na tambayi Sulo a kan matakala me zai hana mu cire dutsen gobe. Ya ce ƙanƙara ta haɗe shi da bango, idan aka tilasta shi zai tafi da gefen taga gaba ɗaya, a bar tsohuwa da rami a kicin cikin wannan sanyi. Kwaɓi kuma ba ya kamawa sai gari ya yi ɗumi. Abin yi shi ne a jira ranar da sanyi ya fara sassautawa, a ɗaure dutsen da igiya daga ciki, a sauke shi. Kafin nan, kada ta taɓa shi.

Washegari ya ɗauke gangar ya kai gidana. Kwana ɗaya tsakani, sai ga tukunyar miya a kan dutsen, cike da kifin da ta saya a kanti ta gisirta da kanta. Ya koma ya kafe tagar da ƙusoshi tana coci wurin taron mata. Ta zare su da gudumar mijinta, ta zuba su a kofi, ta ajiye masa a ƙofa. Daga ranar ta kulle ƙofarta, ta ce kada ya ƙara hawa.

Ni ta bari na shiga, don ni nake kai mata cefane. Na yi ta roƙon ta ta bar dutsen nan.

"Zauna, Jalmar," ta ce. "Ka san Marvin?"

Na san shi mana. Ɗanta ne tilo, yana Detroit, kuma ya daɗe yana so ya kai ta gidan tsofaffi.

"Abin da yake jira ke nan. Ya ji an ce gidan yana zubewa, ya zo ya naɗe ni kamar tabarma. Na je gaida ƙawata Saima a gidan tsofaffin, na ga yadda ake ɗaura musu ƙyalle a wuya ana ba su abinci a baki. Dutsen nan lafiyarsa lau. Auta kurma ne, kuma matsoraci ne tun yana yaro. Idan ka faɗa wa Marvin, ko 'yan hukuma, ban yafe maka ba."

Ban faɗa wa kowa ba. Sulo ma ya ce kada in faɗa, don ya san idan aka fitar da ita daga gidan, kashe ta aka yi. Abin da kawai muka iya, na kawo tsohuwar a-kori-kurata na haye da ita gefen titi, daidai ƙarƙashin tagar, na bar ta a nan don kada wani ya bi ta wurin.

Daga nan muka shiga zaman tsoro. Ni da na yi rayuwata ina zagin sanyi, sai ga ni ina roƙon Allah ya ƙara shi. Da na farka, ma'aunin zafin da ke jikin tagata nake fara dubawa. Kowace safiya in ɗauki Sulo a motar Helmi mu je mu tsaya a tsallaken titi. Sai tagar ta ɗaga, farin kanta ya fito, ta kwanta a kan dutsen, ƙafafunta ma na san sun bar ƙasa. Sulo ya riƙe hannuna ya matse har sai ta koma. Wani lokaci ta ɗago mana kifin ta kaɗa.

"Ku tafi gida, 'yan sa-ido! Ba ku da aiki ne?"

Ya rame a makonnin nan. Ya daina cin abincin kirki. Igiyoyi da katako duk ya shirya a bayan mota, kullum sai ya sake duba ƙullinsu. Wata rana a wankan tururi ya ce mini, "Jalmar, ita ta ɗauke ni a baya ta kai ni asibiti cikin dusar ƙanƙara lokacin da na yi zazzaɓi. Idan na tsaya a titi ina kallo ta faɗo, yaya zan yi?" Na ce ba za ta faɗo ba. Bai ga bakina ba saboda tururi, bai san ma na yi magana ba.

Rediyo ya ce sanyi zai sassauta ranar Asabar, muka shirya mu hau ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Amma ranar Alhamis da safe wani sauti ya tashe ni. Ɗis, ɗis, daga bakin rufi. Iskar kudu ta shigo gari muna barci. Na fito ko safa ban sa ba, na tarar da Sulo tsaye a ƙofar gidansa da kwat a kan kayan barci. Shi bai ji ɗigar ba, a fatarsa ya ji ɗumin.

Da muka isa, bangon gidan duk ya jiƙe ya yi duhu. A saman a-kori-kurata akwai jan yashi a warwatse kan dusar ƙanƙara, kuma muna kallo wani yana ƙara zubowa siriri. Tagar ta fara motsi.

Sulo ya buɗe baki zai yi kira, babu abin da ya fito sai tari. Ya damƙi rigata.

"Kai ke da murya. Riƙe ta da surutu. Kada ta kwanta."

"Bari ni in hau!" na ce.

Ya riga ya juya. Tsohon mabuɗin uwarsu yana hannunsa. Na ga ya shige ƙofar ƙasa da gudu, mutumin da rabonsa da gudu an yi shekaru.

Tagar ta ɗaga. Impi ta tsaya a ciki, tana gyara hannun riga.

"Yaya Impi! Ina kwana!"

"Kai kaɗai yau? Ina kurman?"

"Yana nan zuwa. Yaya Impi, don Allah tsaya daga ciki, tambaya zan yi miki. Burodin nan naki mai ƙamshi, ƙwai nawa kike sawa?"

"Kai za ka yi burodi? Helmi ta sha wahala da kai, ko ruwan zafi ba ka iya ba."

"Koya zan yi! Faɗa mini tun daga farko. Madara fa, da zafi ko da sanyi?"

Ta fara faɗa, tana yi tana zagina. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Idona yana kan wata baƙar tsaga da ta fito a gefen dutsen, ruwa yana tsattsafowa ta cikinta. Wani ɓalli kamar tafin hannu ya faɗo kan mota. Na tambaye ta yis, na tambaye ta sukari, na tambaye ta wa ya koya mata, na tambaye ta sunan saniyar da suke da ita muna yara. A raina ina hawa matakalar nan tare da Sulo, na san inda yake tsayawa ya dafa bango, ina cewa kada ka tsaya, kuma ina cewa tsaya kada ka mutu.

Sai ta yi shiru tsakiyar magana. Ta ɗan waiwaya cikin ɗaki, ta juyo.

"Kofina yana hucewa, Jalmar," ta ce, ta kwanta a kan dutsen ta miƙa hannu.

Ban ji ƙara ba da farko. Dutsen ya sunkuya kawai, kamar mai gaisuwa. Tukunyar ta zame. Na ga kan Impi da kafaɗunta sun biyo shi, hannayenta a buɗe, bakinta a buɗe. Na yi ihu, ban san me na ce ba. Sai ta tsaya cak a iska, rabin jikinta a waje. Dutsen ya sauka a kan motata ya lotsa rufinta har kujera, gilasai suka tarwatse, kifi ya watsu a titi. Da na sake ɗaga kai, ana janye ta ciki kaɗan-kaɗan.

Na hau. Na same su a ƙasan kicin, ita a zaune, shi a kwance, hannunsa har lokacin a naɗe cikin igiyar ƙyallen girkinta ta baya. Leɓunansa sun yi shuɗi. Yana jan iska ba ta shiga. Impi ta ɗora kansa a cinyarta tana cewa, "Auta, auta, sake ni mana, ga ni nan," amma sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Likita ya ce zuciyarsa ta taɓu, huhun kuwa da ma saura kaɗan. Na toshe ramin tagar da katako. Marvin ya zo, don abin ya wuce ɓoyo, ya tsaya a titi yana kallon motata ya daɗe. Ya ce ƙarshen wata zai tafi da uwarsa. Sulo ya sa aka kira shi bakin gado. Yana magana yana hutawa, ya ce masa sauran duwatsun gidan duk ya saurare su tun bara, lafiyarsu lau, wannan ɗaya da ganga ta hana shi dubawa ne gishiri ya ci. Ya ce a ba shi zuwa watan Yuli ya mayar da sabo. Idan bai mayar ba, a tafi da ita. Marvin ya kalli kawunsa, ya kalli robar iska da ke hancinsa, ya ce to. Ina jin bai zaci zai tashi ba.

Ya tashi. A bayan gidana ya sassaƙa dutsen, daga wata matakalar tsohuwar makaranta da aka rushe. A zaune yake aikin, tulun iska a gefensa, ni ina zuba ruwa don kada ƙura ta tashi. Zai buga kaɗan, ya sauke hannu, ya jira numfashi ya dawo. Wata rana gudumar ta faɗi daga hannunsa, ya zauna yana kallonta a ƙasa, ni kuma na juya baya kamar ina neman wani abu. Kullum da tsoro nake zuwa ɗaukarsa, kada in buga ƙofa a ƙi amsawa dutsen bai ƙare ba. Da ya gama saman, ya sa na juya masa shi ya tsaga 'yar hanya a ƙarƙashin leɓen, don ruwa ya ɗiga ƙasa kada ya bi bango. Wasu maza biyu daga coci suka ɗaga shi da igiya suka zaunar. Sulo yana cikin mota a ƙasa, yana nuna musu da hannu, dama kaɗan, ya isa. Bai iya hawa ya gani ba.

Marvin ya zo ya duba, ya danna dutsen da hannu biyu, ya saya wa uwarsa firiji sabo, ya koma Detroit shi kaɗai.

Sulo ya rasu a watan Agusta, da rana, a kujerar kicin ɗina. Na ɗauka gyangyaɗi yake yi.

Bayan an binne shi na mayar da Impi gida. Muna hawa a hankali, tana riƙe da hannuna. A hawa na biyu ta tsaya, ta zauna a kan matakala da baƙaƙen kayanta.

"Na ji shi, Jalmar," ta ce. "Ranar nan. Kana ta shirmen burodi, na ji tarinsa a nan wurin. Na san shi ne, na san hana ni zai yi. Shi ya sa na yi sauri in ɗauki kifin kafin ya shigo."

Na zauna kusa da ita, matakalar ta yi mana kaɗan. Ta kifa fuskarta a kafaɗata, ta yi kukan da ba ta yi ba a maƙabarta, ni ma na yi nawa. Da ta gama ta share ido da bayan hannu, ta ce in tashe ta, ƙafarta ta yi tsami. Na tashe ta, muka ƙarasa hawan.